Idan tarakta ta kafe a taɓo: Yadda ake fitar da ita ba tare da an rasa rai ba

Daga watan Yuni zuwa Agusta, lokacin da damina ta kankama a Arewa, akwai wani kiran waya da 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati masu gona a ƙauye ba sa fatan samu. Mutum yana zaune a shagonsa ko a ofishinsa a birni, sai mai kula masa da gona ya kira: "Ranka ya daɗe, tarakta ta kafe a gindin fadama, tun hantsi muke fama."

Amsar da aka saba bayarwa ɗaya ce: "Ku yi duk yadda za ku yi, ku fitar da ita yau." Mai wannan magana yana da hujjarsa. An riga an biya kuɗin haya, iri da taki suna ajiye, lokacin shuka yana ƙurewa, ga kuma wasu manoman a layi suna jiran motar.

Sai dai kafewar ita kanta ba kasafai take illata kowa ba. Tarakta za ta iya kwana biyu a cikin laka ta fito lafiya lau. Karyewar ƙarfe, ƙonewar kuloci, tsinkewar sarƙa da mutuwar direba suna faruwa ne a lokacin da aka taru ana ƙoƙarin fizgo ta da ƙarfin tsiya. Don haka ya kamata mai ba da umarni daga birni ya san abin da umarninsa yake jawowa, ya kuma san abin da zai tambaya.

Me ya sa tarakta ke kafewa?

Irin taraktocin da aka fi gani a gonakin Arewa, kamar Massey Ferguson 375 mai ƙarfin doki 75 da takwarorinta, nauyinsu yana tsakanin tan 2 zuwa 3, kafin a ɗaura musu garma ko haro. Duk wannan nauyi yana sauka ne a kan 'yan wurare huɗu inda tayoyi suka taɓa ƙasa. Busasshiyar ƙasa tana ɗaukarsa, domin ƙwayoyinta a manne suke da juna. Idan ruwa ya cika ƙofofin da ke tsakaninsu, sai ƙasar ta rasa ƙarfin riƙe kanta, balle ta riƙe mota.

Ƙasa kuma iri-iri ce. Jigawa mai rairayi tana shanye ruwa da wuri, ana iya shiga cikinta ba da daɗewa ba bayan an ɗauke ruwa. Ƙasar fadama mai yumɓu, irin ta kwarin Haɗeja, da gonakin shinkafa na Kura da Kadawa a Jihar Kano, da yankin Bakalori a Zamfara, da fadamun Argungu a Kebbi, tana riƙe ruwa kwana da kwanaki. Baƙar ƙasar nan ta yankin Tafkin Chadi, inda ake noman masakwa, ta fi kowace wuyar sha'ani: da rani ta tsage ta yi tauri kamar dutse, da damina ta kumbura ta zama danƙo.

Abin da ya fi yaudarar direba shi ne ɓawon sama. Rana ɗaya ta isa ta busar da fuskar gona har mutum ya taka bai nutse ba, alhali taki ɗaya a ƙarƙashi taɓo ne tsantsa. Haka nan tsohuwar rijiya da aka cike, da kududdufin da aka haƙi ƙasar gini, da tsohuwar hanyar ruwan noman rani, da gurbin suri da ya rufta, duk tarkuna ne da ciyawa ke rufewa.

Mintunan farko su ne komai

Da zarar tayar baya ta fara juyawa a wuri ɗaya, abin da zuciya take raya wa direba shi ne ya ƙara wuta. Wannan shi ne kuskuren da yake mayar da aikin rabin sa'a ya zama na kwana biyu.

Haƙoran tayar tarakta an yi su ne don su ciji ƙasa su tura ta baya. Idan motar ba ta matsawa, haƙoran sun zama shebur ke nan: kowane juyi yana kwashe ƙasa daga ƙarƙashin taya, motar tana ƙara zama. Ba a jimawa laka take cike tsakanin haƙoran, tayar ta koma sumul. Daga nan sai cikin tarakta ya kwanta a ƙasa, nauyin ya bar kan tayoyi, su ci gaba da juyawa a banza a cikin ramin da suka haƙa wa kansu.

Akwai kuma wani abu a ƙirar motar da yake ƙara dagula lamarin. Tayoyin baya biyu ba a ɗaure suke da juna ba. An yi musu mahaɗi da yake barin ɗaya ta fi ɗaya gudu don motar ta iya shan kwana. A cikin taɓo wannan mahaɗin yana barin tayar da ta fi samun santsi ta yi ta juyawa, wadda ke kan ƙasa mai ƙarfi kuma ta tsaya cik. Saboda haka ne aka yi wa mafi yawan taraktoci wata feda kusa da diddigen direba wadda take kulle tayoyin biyu su juya tare. Amfaninta yana ga wanda ya taka ta da wuri, tun santsi yana farawa. Ba a cusa ta alhali taya ɗaya tana gudu ɗaya tana tsaye, domin hakan yana iya fasa haƙoran ƙarfen da ke ciki; sai a taka kuloci tukuna. Ba a kuma shan kwana da ita a kulle. Inda babu wannan fedar, direba yana iya ɗan taɓa birkin tayar da take santsi ita kaɗai, tun da birkin hagu da na dama a rabe suke.

Ƙa'idar gogaggun direbobi mai sauƙi ce: a taka kuloci, a ɗaga garma, a kulle tayoyin baya, a sa giyar baya, a gwada fita a hankali ta sawun da aka shigo. Idan an gwada sau ɗaya ko biyu ba ta motsa ba, a kashe inji a sauko. Abin da ya rage ba aikin totur ba ne.

Shebur kafin sarƙa

Babu direban da yake son jin wannan, amma kayan aikin da ya fi kowane fitar da tarakta lafiya shi ne shebur. Ana fara zagaya motar a duba: ina ta nutse, har zuwa ina, cikinta ya taɓa ƙasa ko da saura, ta karkata gefe ɗaya ko tana tsaye daidai, kuma ta wane ɓangare ƙasa mai ƙarfi ta fi kusa.

Idan garma ko tirela tana maƙale a baya kuma ita ma ta nutse, a kwance ta, a jawo ta daban. Idan tirela ce mai kaya, a sauke kayan. Buhu 40 na taki mai kilo 50 tan 2 ke nan cur, kuma sauke su ya fi sayen sabon kuloci araha.

Daga nan sai haƙa. Ana kwashe lakar da ke bayan dukkan tayoyin huɗu, a yi musu gangare mai sauƙi maimakon bangon da suka gina wa kansu. Ana kwashe ta ƙarƙashin cikin motar har sai haske ya ratsa, domin laka tana riƙe cikin tarakta kamar yadda take cafke takalmin mai tafiya, kuma sai iska ta shiga take saki. Idan ruwa ya taru a ramin, a yanka masa hanya ya gangara.

Sai a shimfiɗa abin da taya za ta taka: burji, tsakuwa, buhunan yashi, rassan itace ko katako mai kauri, a kwance a ƙasa a bayan tayoyin. Inda ta nutse sosai, ana kafa jak a kan faffaɗan katako, a ɗaga gefe ɗaya, a cika ramin, a sauke, a koma ɗaya gefen. Duk wannan ana yin sa ne inji a kashe, kuma ba wanda zai tura jikinsa ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya tallafe a kan laka. Rage iskar tayoyin baya kaɗan yana faɗaɗa inda suke taka ƙasa, amma idan aka zarce, tayar tana iya zamewa a kan ƙarfenta.

Lokacin da direba zai sake gwadawa, kowa ya kauce daga gaba da bayan motar. Taya mai juyawa tana iya cilla katako ko dutse da ƙarfin da zai karya ƙafa. Taron samari masu turawa da hannu kuwa ba abin da zai ƙara wa motar tan 3, illa ya jefa su kusa da tayoyi.

Dalilin da ya sa tarakta take tashi tsaye

Akwai wata dabara da ta yaɗu a gonaki a ƙasashe da yawa, kuma ta ci rayuka: a ɗaure gungume ko ƙarfe a jikin tayoyin baya da sarƙa, don idan sun juyo ya tokare ƙasa ya ɗaga motar. Wani lokaci takan yi aiki, shi ya sa ba a daina ba. Ranar da ta ƙi kuwa, ba a samun damar gyara.

Abin da yake faruwa shi ne: inji yana murɗa ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya. Idan tayoyin sun samu juyawa, mota ta tafi. Idan wani abu ya riƙe su gam, ƙarfin injin ba ya ɓacewa. Gangar jikin motar ce za ta juya a kan wannan ƙarfen. A giyar gaba, hancin tarakta yana tashi sama, ta yi tsaye, ta faɗo ta baya a kan kujerar direba. Masana kiyaye haɗurran gona a Amurka sun ƙiyasta cewa cikin kashi uku bisa huɗu na sakan ɗaya motar take kai matsayin da ba ta komawa, kuma cikin sakan ɗaya da rabi ta gama kifewa. Kafin direba ya gane abin da ake ciki, ya kai ƙafarsa mai laka kan kuloci, lokaci ya wuce. Ko da motar ba ta kife ba, gungumen da aka ɗaura yana iya zagayowa ta sama ya doki direban.

A giyar baya lissafin yana juyewa: murɗawar injin tana danna hancin motar ƙasa ne. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa ake cewa a fita da baya. Dalili na biyu shi ne sawun da aka shigo ta kansa an san ya ɗauki motar, abin da ke gaba kuwa ba wanda ya sani.

Wannan haɗari ya girmi duk direbobin yau. Taraktocin farko suna jan garma ne a bayansu kamar yadda shanu suke ja, kuma idan garmar ta ci karo da dutse ko saiwa, motar takan tashi ta danne mai tuƙi. Yana cikin abin da ya sa Harry Ferguson, mutumin Ireland ta Arewa wanda sunansa yake jikin Massey Ferguson, ya ƙirƙiro tsarin hannuwa uku na ɗaura garma, ya yi masa rajista a 1926. Garmar da aka ɗaura a kan hannuwan nan tana taimakawa wajen tokare motar idan ta so tashi. Ke nan direban da ya kwance garma don ya rage nauyi ya sani cewa ya cire wannan tokarin ma, sai ya ƙara taka-tsantsan.

Kariya ta biyu ita ce bakan ƙarfen nan mai kauri da ake kafawa a bayan kujera, wanda yake hana motar danne direba idan ta kife. Ƙasar Suwidin ce ta fara wajabta shi a kan sababbin taraktoci a 1959, kuma mutuwar direbobi ta hanyar kifewa ta ragu ƙwarai a can. A Amurka, inda kifewar tarakta take kan gaba cikin haɗurran da suke kashe manoma, hukumomin lafiyar ma'aikata suna cewa wannan ƙarfe tare da bel ɗin kujera yana hana mutuwa ko mummunan rauni da kusan kashi 99 cikin 100. Da yawa daga cikin tsofaffin taraktocin da suke aiki a Arewa, har da ragowar Steyr da aka harhaɗa a Bauchi da Fiat da aka harhaɗa a Kano, ba su da shi. Rumfar inuwa da mai walda ya ƙera da siririn bututu tana kare rana ne kawai. Ba ta ɗaukar nauyin mota. Inda akwai ƙarfen kariya na gaske, a ɗaura bel. Inda babu, ba a ɗaurawa.

Idan sai an jawo ta

Idan haƙa da shimfiɗa ba su wadatar ba, sai a nemo wata motar ta ja. A nan ne ya kamata a tsaya a yi lissafi, domin abin da za a ja ya wuce nauyin taraktar.

Littattafan horar da sojojin Amurka kan janyo motocin da suka kafe suna da wani ma'auni mai sauƙin riƙewa. Idan laka ta kai cibiyar taya, ƙarfin da ake buƙata ya kai nauyin motar. Idan ta haura cibiyar zuwa murfin da ke saman taya, ya ninka biyu. Idan ta wuce nan, ya ninka uku. Taraktar da take da tan 3 da kayanta, idan ta nutse ta wuce cibiyar taya, tana neman jan da ya kai na tan 6.

Ita kuma motar da za ta ja, ƙarfin janta a kan ƙasar gona bai kai nauyin jikinta ba, domin tayoyinta za su fara santsi kafin a kai nan. Wannan ne ya sa tarakta ba ta cika iya fitar da sa'arta da ta nutse sosai ba. Idan aka ga haka, sai wani ya kawo shawarar a ja da baya a saki sarƙa, a taho da gudu a fizga. Fizgar tana ɗora wa sarƙa nauyin da ya ninka na jan hankali sau da yawa a cikin ƙiftawar ido. Abin da ya fi rauni shi ne zai saki: ko zoben sarƙa, ko ƙugiya, ko ƙarfen da aka ɗaura a jikinsa. Duk wanda ya saki kuwa yana tashi ne kamar dutsen majajjawa, kuma kan direba yana daidai hanyarsa. Hanyar da ta dace ita ce a rage abin da ake ja ta ƙara haƙa, ko a nemo motar da ta fi nauyi, kamar babbar tarakta mai jan tayoyi huɗu ko katafila.

Sarƙa ma ba kowace ba. Ƙarfin sarƙa yana ga zobenta mafi rauni, saboda haka wadda aka taɓa ɗinkewa da noti ko waya ko walda ta tashi daga aiki. Wadda zobbanta suka miƙe ko tsatsa ta ci, haka. Igiyar roba mai talewa tana tara ƙarfi kamar danƙon harbi, kuma haɗa ta da ƙugiyar ƙarfe ko sarƙa yana cikin mafi munin abin da ake yi. Wayar ƙarfe da silillanta suka fara tsinkewa ita ma a ajiye ta. Ana so abin jan ya zama mai tsawo, don motar da take ja ta tsaya a kan busasshiyar ƙasa. In ba haka ba, a wayi gari da motoci biyu a taɓo.

Wurin ɗaurawa shi ne abin da ya fi kowane muhimmanci. A bayan kowace tarakta, can ƙasa, akwai ƙarfen ja wanda kamfani ya yi domin wannan aiki. An sa shi ƙasa da ƙarfen tayoyin baya da gangan. Idan aka ɗaura sarƙa sama da nan, a jikin hannun garma na sama, ko a naɗe ta a ƙarfen tayoyi, ko a bayan kujera, jan da kansa zai ɗaga hancin motar da take ja ya kifar da ita. Sau da yawa wanda ya zo taimako ne yake mutuwa ta wannan hanya. Mafi kyau shi ne daga ƙarfen ja zuwa ƙarfen ja, da ƙusa mai kauri da aka kulle ta, a jawo wadda ta kafe ta baya. Idan dole sai ta gaba, a nemi wurin da kamfani ya tanada a jikin gangar motar. Ƙarfen tayoyin gaba da sandunan sitiyari ba su jure wannan ja.

A daidaita motocin a layi ɗaya, domin jan karkace yana iya kwantar da wadda ta kafe ta gefe. A jefa tsohuwar taya ko bargo mai nauyi ko jiƙaƙƙen buhu a tsakiyar sarƙar, don ya rage mata tashi idan ta tsinke. Idan motoci biyu za su ja, kowace ta samu sarƙarta. Idan aka jera su a kan sarƙa ɗaya, ita kaɗai za ta ɗauki ƙarfin duka biyun.

Sai maganar jama'a. A ƙauye, tarakta da ta kafe kallo ce, kuma yara ne a sahun gaba. Kafin a tayar da inji, a kori kowa zuwa nisan da ya ninka tsawon sarƙar, kuma ta gefe. Mutum ɗaya tak zai ba da umarni da hannu, daga inda direbobin biyu suke ganinsa, bayan an yi yarjejeniya kan alamar tsayawa. Mai ja ya sa babbar giya mai ƙarfi, ya tafi sannu har sarƙa ta miƙe, sannan ya ƙara wuta a hankali, ƙafarsa tana kusa da kuloci. Direban wadda ta kafe ya taimaka da tayoyinsa a hankali, kada ya fi mai jansa sauri. Idan ba ta taso ba, a tsaya a koma ga shebur.

Idan magariba ta yi ba a gama ba, a bar ta ta kwana, a sa mai gadi saboda batir da man gas. Aikin sarƙa a cikin duhu da gajiya shi ne garin neman gira a rasa ido. Inda kuwa kogi yake tasowa yana cika fadamar, a fitar da mutane tukuna. Mota tana da madadi.

Bayan ta fito

Fitowa ba ita ce ƙarshen aiki ba. Idan ruwa ya kai inda inji yake shaƙar iska, kada a tayar da shi sai bakanike ya duba. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, kuma idan fistin ya buga shi, sandar fistin ce take lanƙwashewa. A zaro sandar gwajin baƙin mai da ta man giya: idan man ya koma launin shayi mai madara, ruwa ya shiga, sai a juye a zuba sabo. A duba matatar iska, a wanke lakar da ta toshe lagireto, a wanke tayoyi da ƙarƙashin motar tun lakar ba ta bushe ba, a sake cusa giris a boris da duk gaɓoɓin da suke motsi. A gwada birki da sitiyari kafin a hau titi.

Gonar ma ta ji ciwo. Nauyin mota a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa yana danne ta har can ƙasa da inda garma take kaiwa, kuma irin wannan dannewa tana iya ɗaukar shekaru tana hana saiwa da ruwa ratsawa. Ramukan da aka bari za su tara ruwa su zama tarkon baɗi. A cike su idan ƙasa ta sha iska, a kuma kafa alama a wurin.

Abin da yake hannun mai gona

Mai gona da yake birni ba shi ne a kan sitiyari ba, amma abubuwa da dama suna hannunsa. Na farko shi ne lokaci. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, kuma wanda yake da gona a fadama ya fi kowa buƙatar ya kama layin tarakta da wuri, a gyara ƙasa kafin ruwa ya zauna.

Na biyu shi ne gwaji kafin shiga. A haƙo ƙasa daga zurfin da garma za ta kai, a murza ta a tafin hannu. Idan ta marmashe, ana iya aiki. Idan ta miƙe ta zama siririn zare ba ta karye ba, ta yi ruwa da yawa, a ƙara mata kwana. Wanda ya san gonar ya riga motar shiga da sanda a hannu, yana soka ƙasa, yana nuna wa direba inda ruwa yake kwanciya da inda kacalla take fitowa. A fara aiki daga tudu, a bar kwari sai ƙarshe.

Na uku shi ne yarjejeniya. Yawancin masu tarakta ana biyansu ne a kan yawan hekta, saboda haka kowace sa'a da mota ta yi a tsaye asara ce ga direba, kuma wannan ne yake tura shi ga ganganci. Tun kafin motar ta shiga gona ya kamata a yanke, a gaban shaidu, wa zai biya 'yan haƙa da motar ja idan an kafe, da kuma cewa direba yana da ikon ƙin shiga inda ya ga bai yarda da shi ba. Rigimar da take tashi tsakanin mai gona da mai mota bayan an kafe, kowa yana ɗora wa ɗan'uwansa laifi, daga rashin wannan magana take samo asali. Wanda kuma motar tasa ce, shebur biyu da katako mai kauri da jak da sarƙa ta ƙwarai ba su kai kuɗin tayar baya ɗaya ba.

Na ƙarshe shi ne abin da zai faɗa idan kiran ya zo. Maimakon umarnin a fitar da ita yau ko ta halin ƙaƙa, akwai tambayoyi da suka fi amfani: An kashe injin? Har ina ta nutse? An fara haƙa? Wace mota ce za ta ja, kuma a ina za a ɗaura sarƙar? An kori yara? Direban da ya ji maigidansa ya ce, "Malam, ku bi a hankali, ko gobe ne ba komai," ba zai ɗaura gungume a taya ba. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Jinkirin kwana ɗaya a shuka ana iya cike gurbinsa kafin kaka, amma gidan da aka kai wa gawar direba ba ya sake ganin damina irin ta da.